Ɗaki da falo a Tumfure: yadda kayan jere suka toshe wa amarya iska

Ran da amaryar ta kira ni, ba maganar ɗaki ta kawo ba. Cewa ta yi, "Goggo, me ake sa wa leshi idan ya yi fumfuna?" Farkon Satumban 2024 ne, wata tara ke nan da kai ta ɗakinta a Tumfure. Na ce ta shanya a rana tukuna, gobe ina tafe. Da na je na buɗe wadrob ɗin, wari ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Leshi biyu da shadda ɗaya, ko ɗinka su ba a yi ba, sun yi ɗige-ɗige baƙi. Na tura hannu can ciki na danna katakon baya da babban yatsa, sai ya lotsa kamar burodi.

Sana'ata ɗinkin labule ce, shi ya sa ake yawan kirana jere a nan Gombe. Wannan amaryar kuwa 'yar Hammana ce, wato yayana. Da ni aka yi jeren, labulayen ma ni na ɗinka su da hannuna. Saboda haka abin da zan zayyana nan, da nawa laifin a ciki.

Gidan da kayan

Gidan na haya ne: falo, uwar ɗaka, ɗan ƙaramin kicin, sai banɗaki a lungu. Ginin bulo, rufin kwano, silin na POP, ƙasa kuma mai gidan ya shimfiɗe ta da tayil mai ruwan madara. Falon ƙafa 12 ne da 14, babbar tagarsa tana kallon yamma. Uwar ɗakan ƙafa 12 da 12, taga ɗaya gabas, ɗaya arewa, ƙofarta a kusurwar kudu ta bangon da ya raba ta da falo. Ba laifi a ginin. Wanda ya zana shi ya san abin da yake yi, domin in aka buɗe tagar gabas da ta yamma aka bar ƙofar tsakiya a buɗe, iska ratsawa take daga wannan gefe zuwa wancan.

Kayan kuwa tun watan Oktoban 2023 Hamma ya ba kafinta aikinsu, a lokacin ango bai ma sami gida ba. Adda, uwar amarya, ta ga wani jere a wani babban gida a GRA, ta ɗauko hoto a waya, ta ce irinsa take so. Da hoton aka je wurin kafinta, shi kuma ya yi abin da aka nuna masa: saitin kujeru na mutum bakwai masu kaurin hannu, teburin tsakiya mai gilashi, sho-gilas, teburin talabijin, gado shida da shida mai doguwar fuska da durowa biyu na gefe, wadrob mai ƙofa uku, madubi da teburinsa. Gidan ya samu saura sati uku biki. Ni da Adda muka je muka leƙa, muka tsaya a bakin ƙofa muka ce zai ɗauka. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to namu idon dai ranar bai sani ba. Ɗakin da babu komai a ciki kullum girma yake yi wa mutum a ido. Tef ɗin awo yana cikin jakata, ban ciro shi ba sai don awon tagogi.

Ranar jere sai da aka cire ƙyauren falo, aka kwance ƙafafun doguwar kujera, sannan ta shiga a karkace, samari huɗu suna nishi. Da a ce muna da kunnen ji, nan ɗakin ya gaya mana gaskiya. Amma ga guɗa, ga dangi, ga magariba tana matsowa. A uwar ɗaka aka jingina fuskar gado da bangon arewa don mai shigowa ya fara cin karo da ita, ta rufe rabin tagar. Bangon kudu aka ba madubi da akwatunan lefe da aka ɗora su ɗaya kan ɗaya. Wadrob bai sami wuri ba sai bangon gabas, ya shafe tagar gaba ɗaya. Wata daga cikinmu ta ce, "Ai ga wata tagar." Aka manne kafet mai gashi bango zuwa bango a kan tayil, a ɗakin da falon duka. Ango kuma tun kafin mu zo ya sa an yi wa falo fenti ruwan hanta don ya dace da kujeru, ya cire fankar sama ya rataya wata fitila mai rassa. Ni kuma na kawo gudummawata: labule hawa uku, shara-shara a ciki, karan-miski mai nauyi a waje, ga shafi a bayansa.

Disamba ne, hunturu ya kankama. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kai, ɗakin nan da ɗumi yake." Yabo ne a lokacin.

Abin da ya biyo baya

Atishawa ta fara. Kowace safiya amarya da mura, aka ce sabon wuri ne. Tana share kafet da tsintsiya, ƙurar ta tashi ta zaga ta koma inda ta fito. Sannan zafi ya shigo. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, daidai lokacin da zafin Gombe yakan kusanci digiri 40 da rana. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana tana dukan gilashin tagar yamma, karan-miskina ya sha zafin ya riƙe, firiji a kusurwar falo yana ƙara nasa hucin ta baya. Da dare ɗakin kwana ba inda iska za ta shiga sai ta rabin taga. Wannan rabin ma rabi ne, domin taga mai zugewa, irin ta alminiyan ɗin nan da ta cika gari, gilashi ɗaya ne ke hawa kan ɗaya: taga mai faɗin ƙafa huɗu, ƙafa biyu kawai take buɗewa. Tsohuwar luba da muke rainawa kusan duka take buɗewa. In wuta ta ɗauke, janareto ba ya daɗewa a kunne, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Sai daga baya ta gaya mini cewa rabin azumin nan a ɗan lungun kicin suka riƙa kwana a kan tabarma, don nan ne kaɗai tayil yake a buɗe. Gado shida da shida yana ciki an gyara shi tsaf, ba mai hawa.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Amarya ba ta kai ƙarar kayan ɗakinta.

Fumfunar kuwa aikin damina ce. Hadarin ƙasar nan galibi daga gabas yake tasowa da iskarsa, ruwan ya daki bangon gabas a karkace. Ashe ranar jere ba wanda ya zuge tagar nan har ƙarshe kafin a tura wadrob, an bar ɗan tsagi kamar faɗin yatsa biyu. Tun daga Yuni har Agusta ruwa yana shiga yana bin bayan katako, yana sauka cikin kafet, ba rana ba iska. Wadrob ɗin da katakon MDF aka yi shi, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka danne. Yana da santsi, yana karɓar ado, shi ya sa kafintoci ke son sa, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. In ya sha ya kumbura, ko shekara ya yi a rana ba zai koma yadda yake ba.

Awo

Washegarin ranar da na buɗe wadrob ɗin nan na dawo da alli da takarda, na aro tef na ƙarfe wurin kafinta, don nawa na tela inci 60 ne kawai, ƙafa biyar, sai an yi ta ɗagawa ana sakewa. Muka auna komai ni da ita, tana riƙe da bakin tef ɗin da cikinta na wata biyar.

Falo ƙafa 12 sau 14, murabba'in ƙafa 168 ke nan. Kujerun in aka jera su a layi tsawonsu ƙafa 20 ne: doguwar bakwai da rabi, mai cin mutum biyu biyar da rabi, ƙananan biyu uku da rabi kowacce. Zurfin kowacce ƙafa uku. Su kaɗai sun ci 60. Da aka haɗa da sho-gilas, teburin talabijin, teburin tsakiya da firiji, lissafi ya kusa 90. Fiye da rabin falon na katako ne da soso. Abin da ya rage ma ba a dunƙule yake ba, 'yan siraran hanyoyi ne na ƙafa biyu tsakanin kujera da tebur, inda mutum zai bi a karkace yana bugun ƙauri. Ta nuna mini tabon.

A uwar ɗaka, abin da ake kira shida da shida katifar ce kawai. Da katakonsa da fuskarsa gadon ƙafa shida da rabi ne a faɗi, bakwai a tsawo, da durowa biyu ya zama tara da rabi. Tsakanin gado da wadrob ƙafa biyu, ƙofar wadrob ita ma ƙafa biyu, tana buɗuwa tana gogar zanin gado. Wurin salla babu, sai 'yar hanyar da ke ƙafar gado, wadda ita ce kuma hanyar shigowa. In ta tayar da kabbara, mai shigowa sai ya tsaya a falo har ta sallame.

Na tambaye ta abu uku. A ina kuke cin abinci? Ta ce a ƙasa, suna ture tebur su shimfiɗa leda. Mutum nawa ne suka taɓa zama kan kujerun nan lokaci ɗaya? Ta yi dariya ta ce tun bayan sati biyu na biki ba su wuce uku ba, kuma ƙawayenta in sun zo zamewa suke ƙasa su jingina da kujerar. Me kika taɓa ɗauka a sho-gilas? Ta ce kula ɗaya, ran da surukarta ta zo.

Inda aikin ya fi wuya

Matsar da katako aikin yini ɗaya ne. Shawo kan Adda ya ci sati biyu.

Kuma ban ga laifinta ba. A wurinmu kayan ɗaki ba na zama da kwanciya ba ne kawai. Mallakar yarinya ne, guminsu ne ita da Hamma, da su ake auna gatan amarya a idon dangin miji. Motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gidan amaryar da ba ta shekara ba, a ga ana fitar da kujeru, kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci: ko aure ya mutu, ko miji ya karye ya fara sayar da kayan mata. Da na je Jekadafari na faɗa mata, sai ta ce, "Yanzu ke da bakinki? Kayan da muka yi shekara uku muna adashi a kansu? Me dangin mijinta za su ce, mun kai ta da rabin saiti?"

Na ce, "Adda, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ba sayarwa za a yi ba, ko allura." Ba ta sauko ba sai da na ciro leshin nan daga jaka na shimfiɗa mata a cinya. Ta juya shi, ta kai hanci, ta yi shiru. Sannan na gaya mata maganar kwana a lungun kicin, ga ta kuma yanzu da ciki. Nan ta ce a kira Hamma.

Hamma ne ya samo mafita. Ya ce kujera mai cin mutum biyu da ƙarama ɗaya da teburin tsakiya a kawo su falonsa a matsayin ajiya, ran da yaran suka koma gida mai faɗi su ɗauki abinsu. Shi da kansa ya kira mahaifin ango ya yi masa bayani, don kada a ji a bakin wani. Kayan kuma da sassafe aka fitar, bayan asuba. Shi ma angon, da na ce a maido da fanka, sai ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Goggo, wallahi tun azumi nake son cire fitilar nan, kunya ce ta hana ni." Fankar tana ƙarƙashin gado a kwalinta.

Gyaran

Kafet muka fara ɗagawa. Abin da muka tarar a ƙarƙashinsa ba zan manta ba: rairayi mai laushi kamar garin tuwo, ya bi layin tayil ya kwanta, a kusurwar gabas kuma ya zama taɓo. Sai da muka cika bokitin fenti ƙarami. Gombe gari ne mai yashi, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba har Fabrairu, ga ruwa da a unguwanni da yawa saye ake yi. Kafet ɗin da ba a iya naɗewa a fitar a kakkaɓe, rumbun ƙura ne kawai. Gam ɗin da ya manne a tayil da kananzir da tsohon cokali muka kankare shi, ya ci mana yini guda, tagogi a buɗe, ita kuma mun kore ta gidan maƙwabta saboda warin.

Tsarin uwar ɗaka sai da na zana shi da alli a ƙasa kafin a ɗaga komai, kuma zanen farko bai tsira ba. Na so a jingina fuskar gado da bangon yamma. Ango ya duba ya ce, "Goggo, haka ƙafafunmu za su miƙe gabas fa." Gaskiyarsa, ni lissafin ƙafa da inci ya ɗauke mini hankali. Muka goge. Aka mai da kan gado bangon kudu, wanda ya ma fi: mai kwanciya a kan hannun dama fuskarsa tana kallon alƙibla. Bangon ƙafa 12 ne, buɗewar ƙofa ta ci uku, saura tara, gado da durowa ɗaya suka ci takwas, aka bar ƙafa guda tsakaninsa da bangon gabas don a iya shara a kuma kai hannu ga taga. Wadrob ya koma bangon yamma, bangon ciki ne da ruwa ba ya duka. Kafinta ya ɓalle bayan da ya ruɓe ya sa filawud, ya yanke gindin da ya kumbura, ya yi masa ƙafafu na katakon gaske masu tsawon inci huɗu don tsumman goge ƙasa ya riƙa shiga, muka kuma bar ɗan tsagi tsakaninsa da bango. Madubin aka raba shi da teburinsa aka kafa a bango tsakanin ƙofa da wadrob, durowar gado ta biyu ta zauna a ƙarƙashinsa ta ɗauki turare da man shafawa. Akwatunan lefe dama saiti ne, ƙarami yana shiga cikin babba, aka zura su suka koma biyu, aka ɗora a kan wadrob.

Da aka gama, gefen arewa ya buɗe: ƙafa biyar a faɗi, kusan goma a tsawo, ba komai a ciki. Ta ɗauko dardumarta ta shimfiɗa ta gwada, ta ɗaga kai ta dube ni ba ta ce komai ba.

Gidan sauro ma ya sami wuri. POP ba ya riƙe ƙusa, shi ya sa tunda ta zo yake ninke a leda, ga ta da ciki a tsakiyar damina. Ƙugiya huɗu aka kafa a bango aka ja igiya.

Falo bai ba mu wahala ba. Doguwar kujera ta bi bango mai ƙafa 14, ƙaramar ta tsaya a gefenta, tsakiya darduma ƙafa biyar da bakwai wadda mace ɗaya za ta naɗe ta fitar, da tumtum biyu na fata da matasai. Firiji ya koma lungun kicin. Sho-gilas kafinta ya raba shi biyu, saman ya hau bangon kicin, kuloli da farantai suka koma inda ake amfani da su, ƙasan ya zama teburin talabijin, wancan teburin kuma ya bi 'yan uwansa Jekadafari. Da izinin mai gida aka mai da fenti ruwan madara. Sai da aka yi hannu uku kafin ruwan hantan ya daina leƙowa.

Labulena na sauke da kaina. Na ɗinka na yadin auduga mara nauyi, falle ɗaya, wanda za a wanke a bokiti a shanya ya bushe kafin azahar. Sandar na sa ta zarce tagar da ƙafa guda kowane gefe, yadda in an yaye labule zai koma kan bango gaba ɗaya, ba zai ci ko inci na wurin iska ba. Da ma a nan muke kuskure mu masu ɗinki: mu yanka sanda daidai faɗin taga, labule ya taru a gefe ya toshe ɗan wurin da ke buɗewa. Ranar yamma kuma ba daga ciki ake tare ta ba. In ta riga ta ratsa gilashi, zafin ya shigo ɗaki, labule sai dai ya rage haske. Asabari muka saya aka rataya ta waje, irin wanda kakanninmu ke sawa a ƙofar ɗaki, a sauke shi da azahar a naɗe da magariba. Ango ya ɗan yi jim, wai kada gidan ya yi kama da ƙauye. Na ce ya gwada sati ɗaya, ya riƙa taɓa gilashin da la'asar. Bai sake maganar ba.

Duk abin da aka kashe, da fenti da ladan kafinta da yadi da asabari, bai kai kuɗin da aka yi sho-gilas ɗin shi kaɗai ba.

Bayan wata shida

Ta haihu a Janairun 2025, ta yi wankanta a gida, ta koma ɗakinta ana shirin kama azumi a farkon Maris. Ɗakin ya yi kusan wata biyu a rufe cikin hunturu, amma ƙannenta biyu da bokiti da tsumma suka gama da shi kafin azahar. Wannan azumin a kan gado suka yi shi. Zafi bai bar Gombe don mun matsar da wadrob ba, in wuta ta ɗauke da tsakar dare har yanzu ana fifita, sai dai yanzu akwai abin da ke shigowa ta taga. Atishawar safe ta ragu sosai.

Akwai abin da bai gyaru ba. Leshi ɗaya ya tafi, tabon ya ƙi fita. Ƙofar wadrob ta tsakiya ta ɗan karkace tun daga jiƙewar nan, sai an ɗaga ta ake rufewa. Gadon kuma har gobe ya yi wa ɗakin yawa. Da huɗu da rabi aka yi tun farko, da an sami wurin ɗan gadon jariri a gefe. Na faɗa, amma wannan kam ba wanda ya saurare ni, gadon aure ba ya fita.

Ƙanwarta za a aurar bayan babbar salla. Makon jiya Adda ta kira ni ta ce, "An sami gidan, a Bolari. Ki zo da tef ɗinki mu je mu auna kafin a yi komai." Na ji daɗi, na ce to, me aka ce wa kafinta ya dakata da shi? Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce gado da wadrob duk suna jiran awo. Kujeru ne kawai ta riga ta ba da kafin alƙalami, na mutum bakwai.